Wasiƙa daga Nima: tauraron da aka raɗa wa suna Sika

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, gaisuwa daga Nima a Accra.

Duk ɗan zango ya san sika kuɗi ne a bakin mutanen nan, a harshen Ewe kuma zinariya. A 2019 Ghana ta raɗa wa tauraron HD 181720 wannan suna, ƙatuwar duniyar da ke zagaya shi kuma Toge, wato ɗan kunne. Sai dai Sika talaka ne ta fuskar ƙarfe, nasa kusan sulusin na rana ne kawai.

Babu wanda ya ga Toge da ido, ta hasken tauraronta aka gano ta. Na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile tana baza hasken tauraro launi-launi, a ciki akwai dubban siraran baƙaƙen layuka, kowane sinadari da nasa. Duniyar da ke zagaya tauraro na jan sa, sai ya riƙa ɗan rangaji: in ya nufo mu layukan su gusa wajen shuɗi, in ya ja baya su gusa wajen ja. Jupita tana rangaja rana da gudun mita 12.5 a daƙiƙa, tamu duniyar kuwa santimita 9 kacal. Toge na cika zagaye a kwana 956, dole a yi shekaru ana awo.

Layukan nan dai su ake dubawa a san yawan ƙarfe, ta zurfinsu. A 2005 Debra Fischer da Jeff Valenti sun nuna cewa in ƙarfen tauraro ya ninka biyu, yiwuwar samun ƙatuwar duniya irin Jupita na ninka kusan huɗu. Dalili shi ne tauraro mai yawan ƙarfe yakan fara da ƙura mai yawa kewaye da shi, kuma sai ƙurar ta dunƙule ta kai nauyin duniyarmu kamar sau 10 kafin ta iya jawo iskar gas, gas ɗin kuma yakan watse cikin 'yan miliyoyin shekaru. Inda ƙura ta yi kaɗan, lokaci ke ƙurewa. Ƙananan duniyoyi ba su cika bin wannan ƙa'ida ba, kamar yadda tauraron ɗan'adam Kepler ya nuna.

A wajen awon nan ake tuntuɓe. Baƙin tabo a fuskar tauraro mai juyawa yakan kwaikwayi rangajin, don haka ake fara auna kwanakin juyawarsa a kwatanta da na rangajin. In aka kuskure zafin tauraro, lissafin ƙarfe ma ya ɓaci. Sannan tauraro irin Sika layukansa ba su da zurfi, awonsa ya fi wuya, shi ya sa aka ware wa irinsa bincike na musamman, wanda a cikinsa Toge ta bayyana.