Kocin kokawa ya ajiye aiki

Yau wani matashin kocin kokawa a wata sakandare nan Amurka ya ajiye aiki ana tsaka da kakar wasa. Abin da ya tsaya min a rai: kafin ya tafi sai da ya goge katifar kokawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada makero ya kama yaran.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ke awon nauyi, shi ke duba fatar kowane yaro, shi ke lura kada ɗan wasa ya rage fiye da kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a mako. Asabar gasa tun safe har dare, Litinin kuma aji. Ba mataimaki ko ɗaya. Ina ta tunanin wa zai goge katifar gobe.