Ranar da muka ga 'yar Yaya

Talata, Agege.

Tun asuba na raka Yaya awo. Ruwan da aka kwana ana yi ya sa muka shafe awa biyu a danfo kafin mu kai Idi-Araba. Da aka shafa mata man nan mai sanyi aka ɗora na'ura a cikinta, sai ga ɗan kai, ga ƙashin baya a jere kamar carbi. Mako 20, kuma mace ce. Yaya ta damƙe hannuna tana ta hamdala.

Ni kuwa hankalina ya tafi kan abin da hoton bai nuna ba, domin jiya na raba dare ina karatun jarrabawa a kan ƙwayoyin haihuwa na tayi. Yanzu haka yarinyar nan tana ɗauke da ƙwai miliyan 6 zuwa 7, adadin da ba za ta sake kaiwa ba. Kafin ta zo duniya sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2.

Tafiyar da ƙwayoyin suke yi ce ta fi taɓa ni. Ba a mazauninsu, wato ma'ajiyar ƙwai, suke farawa ba. Tun makonnin farko ake ware su, idan ƙwayoyin gado biyu, SOX17 da BLIMP1, suka kama aiki. A 2015 masana a Jami'ar Kambirij suka nuna cewa SOX17 ne jagora a jikin ɗan Adam, saɓanin ɓera da aka daɗe ana gwaji da shi. Daga gefen jakar gwaiduwa, wata 'yar jaka da ke manne da tayi a farkon ciki, suke bin bangon hanji, su isa masauki wajen mako na 6. A mace, wajen mako na 11, wani sinadari da jiki ke samu daga bitamin A yana tada wata ƙwayar gado mai suna STRA8, su fara rabuwar da za ta mai da su ƙwai, sai su tsaya a tsakiya, su jira balaga shekara da shekaru. Ba sa ma tafiya tare: wasu sun yi nisa, wasu har yanzu ƙwayar gado ta farkon tafiya, OCT4, ba ta kwanta a cikinsu ba.

Bayan magariba na kira Inna a Kano na yi mata albishir. Na ce, "Inna, kin san ƙwan da aka halicce ni da shi, tun kina cikin Kaka yake jikinki?"

Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can ta ce, "Allah mai iko." Sannan ta tambaya ko Yaya ta samu ta ci wani abu.