Gidan gado a Abobo, magada a Tawa

Kamar Adarawa da yawa na zamaninsa, mahaifinmu ya tafi biɗa Abijan tun yana saurayi. Ya yi talla a ka, ya kai ga shago a Ajame, daga baya ya gina gida mai ɗaki 8 a unguwar Abobo, irin mai tsakar gida ɗaya da pampo ɗaya. Da Allah ya yi masa rasuwa, dukanmu magada muna Tawa, aka ɗora mini kula da gidan don ni ne babba.

Rabon gado malam ya yi mana shi a zaure: Inna da abokiyar zamanta suka raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Amma gini ba ya yankuwa kamar gona, kuma dokar Kodebuwa ba ta bambanta ɗa namiji da ɗiya mace a gado. Shi ya sa muka rubuta abin da muka yarda da shi, kowa ya sa hannu, suka ba ni takardar wakilci, sannan na hau mota ta Wagadugu da Bobo.

A Abijan ne aikin ya fara. Takardar rasuwa, takardar haihuwar kowane magaji, takardar shaidar cewa mu ne magada, kuma dole sunan Baba ya zo iri ɗaya a cikinsu duka. A wata an rubuta sunansa da harafi ɗaya na daban, wannan kaɗai ya tsayar da ni har sai da aka gyara. Babba a ciki ita ce ACD, takardar mallakar fili a birni. Baba takardar sayen fili kawai ya bari cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigunan sallarsa. Wanda ya ga yadda aka rushe gidaje a Gesko da Boribana a 2024 ya san ba a wasa da maganar fili a Abijan. Na fi son a yi shekara ba a raba ko dala ba, in dai takardar za ta fito.

Masu haya kuwa, wasu sun girme ni a gidan. Wata tsohuwa da ke soya ayaba a ƙofa ta ce mini, "Ɗana, babanka bai taɓa buga mini ƙofa don kuɗi ba." Na ce, "Iya, ni ma ba zan buga ba, amma yanzu akwai marayu a ciki." Ba mu ƙara wa tsofaffin komai ba. Sababbi ne muke rubuta yarjejeniya da su, kuma tun 2018 dokar can ta hana mai gida ya karɓi fiye da wata 2 na gaba da wata 2 na ajiya. Kuɗin ajiyar nan amana ne, ranar da mutum zai tashi za a nemi su, don haka ba na sa su cikin rabo.

Kawunmu da ke Kumasi, unguwar Abijan ba ta Gana ba, shi ke karɓar haya. Na yanka masa ladansa, ko da ya ce kunya ce tsakanin dangi. Ni ban ga kunya a nan ba: wanda ake biya ana iya tambayarsa lissafi. Kowane ƙarshen wata yana ɗaukar hoton littafin ya turo ta WhatsApp, ɗaki ɗaki, wa ya biya, wa ya nemi a ɗaga masa ƙafa, ni kuma in karanta wa su Inna.

Sauƙi ɗaya da muka samu, sefa ɗaya muke kashewa da mutanen Abijan. Jika a Abobo jika ce a Tawa, ba kamar maƙwabcinmu mai gida a Kano ba, da canjin naira ke cinye masa rabin haya kafin ta iso.

Kafin a raba, nakan cire lanhon gida na shekara, da kuɗin kwashe masai, da wani abu don gyara. Ruwan watan Yuni a Abijan ba irin namu ba ne, kwano yakan yi tsatsa da wuri, bango ya jiƙe har ya yi kore. Ƙannena sun yi gunaguni a farko, har ƙaramarmu ta ce a sayar kowa ya kama nasa. Tana da haƙƙin faɗin haka, kuma ban rufe ƙofa ba. Abin da muka tsayar shi ne ba za a yi maganar ciniki ba sai ACD ta fito da sunayenmu, don gida marar takarda rabin kuɗi ake taya shi. Bana kuɗin gyaran sun tafi ga sake kwanon ɗakuna 3 na baya.