Yau na soya jian dui

Asabar, birnin Guangzhou, ƙasar Sin.

Tun daren jiya na jiƙa jan wake, ƙananan nan da Sinawa ke dafawa da sukari. Da safe na dafa shi ya yi luguf, na marmashe, na juya shi a wuta da man gyaɗa har ya kama jikinsa. Shi ake cusawa a cikin jian dui, wato soyayyen ƙwallon garin shinkafa mai riɗi a bayansa, kuma saboda shi na ɗora wa kaina aikin, don wasu masu sayarwa da kitsen alade suke haɗa shi. Yara kuwa duk ranar da muka gan shi a kasuwa sai sun ja mini mayafi.

Garin na shinkafa mai danƙo ne, ba irin tamu ta tuwo ba. Na kwaɓa shi da ruwan zafi mai sukari, ina cikin murzawa maƙwabciyata ta shigo, tsohuwar da duk muke kira Ayi. Ta taɓa ƙullun ta gyaɗa kai. Muka zauna muna mulmulawa, a lotsa tsakiya, a sa wake, a rufe bakin ruf, a ɗan jiƙa da ruwa sannan a mirgina cikin riɗi. Riɗin ya sa ni tunanin gida, don ƙasar Sin na sayen riɗi mai yawa daga Najeriya, har da na Jigawa.

Suyar ce aikin gaske. Wuta ƙasa-ƙasa, kusan digiri 140, domin in mai ya yi zafi sosai riɗin zai ƙone ya yi ɗaci, ƙwallon ma yana iya fashewa ya watsa wa mutum mai. Da farko suka nutse, suka yi lamo. Da suka taso Ayi ta ce, "'Yata, yanzu danna." Na riƙa danna kowanne da bayan ludayi a jikin kasko, ina saki yana ƙara kumbura, tururin ciki na buɗa shi, har ya kusa ninka girmansa. Wallahi abin ya burge ni. Na ƙarshe na ɗan ƙara musu wuta suka yi ja.

Ayi ta ce tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ake cin jian dui a Chang'an, birnin da yau ake kira Xi'an. A nan lardin Guangdong, inda Guangzhou yake, abincin sabuwar shekarar Sinawa ne, suna cewa in ya mirgina gida zai cika da zinariya da azurfa.

Bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa danƙo da laushi, ga rami a tsakiya. Ba ya kwana, in ya huce sai ya lotse, don haka na aika wa maƙwabta, na ajiye wa maigida nasa kusa da murhu. Ayi ta ce wani satin mu gwada da daƙaƙƙiyar gyaɗa.