Yadda na fara toshe yoyon da ciwon daji ya huda tsakanin hanyar abinci da ta numfashi

Wani dattijo manomi aka kawo mini, wanda ciwon daji ya kama masa hanyar abinci, kuma an riga an yi masa ƙona da haske, wato kashe ƙwayoyin ciwon da hasken na'ura. Babban ɗansa ya ce da ni: "Likita, Baba ko kurɓin ruwa ya yi sai ya sarƙe." Na ba shi cokali ɗaya na ruwa, nan take ya turnuƙe da tari har idanunsa suka kawo hawaye. Wannan tarin shi ne alamar cewa ciwon ya huda bangon da ke tsakanin hanyar abinci da ta numfashi, abin da ya haɗiya yana zarcewa cikin huhu, kuma nimoniyar, wato ciwon huhu, da hakan ke jawowa tana iya kashe majinyaci cikin 'yan makonni.

Tiyata ba ta da gurbi a jikin da ya rame haka, saboda haka muka zaɓi saka bututun raga na ƙarfe mai rufi, wanda yake buɗewa da kansa ya like ramin. Kuskurena shi ne na saka shi a hanyar abinci ba tare da na fara leƙa hanyar numfashi ba. Bututun yana ci gaba da buɗewa har awa 24 zuwa 48, ga shi ƙarin ciwon dajin ya riga ya matse hanyar iska, don haka da dare numfashinsa ya koma fito, sai da muka saka masa bututu na biyu a hanyar iska cikin gaggawa. Tun daga ranar, idan na ga matsi a hanyar iska, ita nake fara tallafewa. Haka kuma na daina amfani da Gastrografin, ruwan da ake ba majinyaci ya haɗiya don hanyar abinci ta fito a hoton asibiti, domin idan ya shiga huhu yana tara masa ruwa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne fahimtar da iyalin cewa wannan aiki sauƙi yake kawowa, ciwon kuwa yana nan daram. Na koya musu su ɗaga kan gadonsa, su fara da abu mai ruwa-ruwa, su guji nama da busasshen burodi, muka kuma ba shi mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, saboda zafin ƙirji. A rana ta uku na same shi zaune, matarsa tana riƙe da kofi, ya shanye rabin koko bai yi tari ba, ya ce a ƙara masa sukari.