Na je Kitwe neman dutse, na dawo da labarin makaɗa

Ba zan ɓata muku lokaci da zancen jirgi ba. Abuja zuwa Adis Ababa, daga can zuwa Lusaka, gyangyaɗi da ciwon wuya. A tashar manyan motoci ta Lusaka tafiyar ta soma, inda 'yan kamasho suka yi mini caa, wannan ya ja jaka wancan ya ja hannu, har na ji ashe ban yi nisa da gida ba. Sai dai su ta hagu suke tuƙi, duk motar da ta tunkaro mu sai gabana ya faɗi.

Kitwe na nufa, tsakiyar yankin tagulla na Zambiya, kusan kilomita 360 arewa da Lusaka. Mu masu harkar duwatsu a Jos mun san sunan garin ne saboda koren dutsen nan, zumurrudu, da ake haƙowa a Lufwanyama. Bayan mun wuce Kapiri Mposhi aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in yana ganin koren fasfo ya tsuke fuska, ya ce in sauko, ya zazzage kayana a ƙasa gaban jama'a, ya shinshina ƙullin yajina ya fi a ƙirga, sannan ya wurgo mini fasfon ko kallona bai yi ba. Da na koma mota, wata dattijuwa ta ɗan russuna, ta tafa hannu a hankali, ta ba ni haƙuri a madadinsa, ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa. Irin ladabinta na yi ta gani har na baro ƙasar. Mutanen nan ba sa ɗaga murya. Mu da muke ciniki da ihu, sai ka ga ana waiwayenmu ana zaton faɗa muke.

Abokin cinikina ɗan Mali ne da ya auri 'yar garin, shi ya sauke ni gidan surukinsa a Wusakile, tsohuwar unguwar ma'aikatan mahaƙa. Daga ƙofar gidan kana hango wani baƙin tsauni, tulin tokar tagulla ne da aka yi shekaru ana jibgewa. Ɗan Jos ba ya buƙatar bayani. Mu kuza ta bar mana kududdufai, su tagulla ta bar musu tudu.

Baba mai gidan tsohon ma'aikacin lantarki ne a mahaƙar Nkana. Kirista ne, amma da ya ji ni Musulmi ne ya sa aka sayo kaza mai rai ya miƙo mini wuƙa in yanka da kaina, ya kuma share mini wuri a falo don salla. Tuwon masararsu, nshima, ya fi namu tauri, da miyar ganye da gyaɗa mai daɗi amma babu barkono ko na magani.

Ranar da aka kawo wuta da dare ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Faya-fayan garmaho ne. Ya zaro ɗaya, ya hure ƙura, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗora kwabo a kan allurar don kada ta yi tsalle. Sai jita ta ɓarke da wani gurnani kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Na ce, Baba, lasifikar ta fashe ne? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗana, haka ake so. Ni da na tashi da kuntigi da kalangu, sai da kunnena ya ɗan saba, sannan na ji gangar da ke ƙasa, kuma gangar tamu ce ta Afirka.

Ƙungiyar sunanta WITCH, 'yan Kitwe ne, sun taso a farkon shekarun 1970. Mawaƙinsu Emmanuel Chanda, wanda kowa ya sani da Jagari saboda yadda yake kwaikwayon tsalle-tsallen Mick Jagger, mawaƙin Ingila, a dandali. Faifan da Baba ya sa mini shi ne Lazy Bones na 1975. Yadda ya warware mini labarin, tagulla ce ta haifi kiɗan. Bayan samun 'yanci a 1964 kuɗi sun shigo, ma'aikatan mahaƙa na karɓar albashi, kamfanoni na da kulob-kulob da ɗakunan rawa, samari na sauraren faya-fayan Ingila da Amurka suna ɗinka wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu. Da farko kwaikwayo suke, daga baya suka cusa nasu kiɗan a ciki, aka sa masa suna Zamrock. Sai Shugaba Kenneth Kaunda, wanda shi ma yana taɓa jita, ya ba da umarni a tsakiyar shekarun nan cewa kashi 95 cikin 100 na kiɗan rediyo ya zama na gida. Nan kasuwa ta buɗe wa su Amanaz, su ma 'yan Kitwe, da Ngozi Family ta Paul Ngozi, da Musi-O-Tunya ta Rikki Ililonga. Baba ya ce in WITCH za su yi wasa, wanda bai samu shiga ba ta rufi yake hawa.

Tagullar ce kuma ta kashe shi. Farashinta ya faɗi warwas a 1975, mai ya yi tsada, iyakar Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) a rufe tun 1973. Da rikici da Rodeshiya ya yi tsanani a ƙarshen shekarun 1970 aka sa dokar hana fita da dare, kuma mai kiɗan dare in an hana dare ai an karya masa jari. Disko ya shigo, kiɗan kalindula, wani salon kiɗan gida na Zambiya, ya karɓe rediyo, sannan ƙanjamau ta bi makaɗan tana ɗauka. Paul Ngozi ya rasu a 1989. Cikin waɗanda suka kafa WITCH, Jagari kaɗai ya rage. Ya yi koyarwa, daga baya ya koma haƙar duwatsu masu daraja a daji. Da na ji wannan sai da na gyara zama: ashe abokin sana'a ne.

Abin da ya ba ni haushi na gani a kasuwar Chisokone. Na tambayi samari masu tura waƙa a waya, yawancinsu sai kallona suke. Wani kamfanin Amurka ne, Now-Again, ya tattara faya-fayan ya sake buga su a 2012, Jagari ya koma dandali yana zagaya Turai da Amurka, har suka fitar da sabon faifai mai suna Zango a 2023. A garinsu kuwa sai tsofaffi. Na samu wani mai tsofaffin rediyo da ke da faifansu ɗaya duk ƙarzuwa, bangon ya ci ruwa. Ya kira farashi da dala, wai haka Turawa ke saya ta intanet. Na taya, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur ba tare da ya ce albarka ba. Ban ga laifinsa ba, mu ma namu tsofaffin faya-fayan haka aka kwashe su a banza. Amma tsada a Kitwe ba a faifai ta tsaya ba. Tasi tsada, katin waya tsada, tumatir ɗan tsibi kuɗin kwano guda a Faringada. Nama da masara ne kawai na ga da sauƙi.

Dutsen da ya kai ni, kaɗan na saya. Manyan duk ta gwanjon kamfani suke fita, abin da ke yawo a hannun dillalai sai ka sa tocila sosai, don har fasasshiyar kwalba ake gogewa.

Baba ya ƙi karɓar ko kwabo na masauki, har ya ɓata rai da na matsa. Shi ya ma ba ni wani ƙaramin faifan kalindula da yake da guda biyu. Na kwana a Ndola, garin da kamfanin Teal ke buga faya-fayan a da, na wuce Lusaka. Livingstone, garin 'yan yawon buɗe ido, ban je ba, guzuri ya ƙare.

Wanda ya san mai gyaran garmaho a Jos ko Bukuru ya yi mini magana, allura nake nema.