Ɗan Tsokana da Shirun Masu Kallo

Shawarar da aka fi bayarwa idan wani ya addabi jama'a da neman magana a kafafen sada zumunta ita ce a ƙyale shi, kada a tanka masa, zai gaji ya bari don kansa. Akwai gaskiya a cikin wannan shawara, domin abin da ɗan tsokana yake nema shi ne ya ga ran wani ya ɓaci, kuma duk amsar da aka mayar masa cikin fushi riba ce a wurinsa. Sai dai na daɗe ina ganin cewa shawarar ta dace ne da wanda aka tsokana kaɗai. Sauran mutanen da ke wurin suna karantawa, su wani nauyi ne dabam a kansu, kuma yawan shirunsu shi ne yake mayar da wurin hira mallakar mutum mafi rashin kunya a cikinsa.

Tsokana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bafulatani da Babarbare suna wasa, haka Bakano da Bazazzage, haka Bagobiri da Bayarabe, ga kuma wasan taubasai da na jika da kaka. A Jamhuriyar Nijar al'adar ta yi ƙarfin da a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: masu yinsa sun san juna, sun yarda da wasan tun kakanni, suna kallon fuskar juna, kuma idan ɗaya ya zarce akwai dattijo a kusa da zai ce masa ya isa haka. Mai tsokana a waya ya ɗauki zafin maganar ya bar ƙa'idar, domin ba ya ganin fuskar wanda ya soka, sau da yawa ma da sunan aro da hoton aro yake magana.

Wajibi ne a bambanta shi da mai saɓanin ra'ayi, saboda wurare da yawa sun lalace ne ta hanyar korar duk wanda bai bi ra'ayin masu rinjaye ba. Mai saɓanin ra'ayi, ko da harshensa yana da kaushi, yana tsayawa a kan batu, kuma idan aka kawo masa hujja yana dubawa. Ɗan tsokana kuwa batun bai dame shi ba. Idan aka amsa masa tambaya sai ya koma wata, idan aka kama shi da ƙarya sai ya taɓo garin mutum ko aƙidarsa ko iyayensa, idan ya ga hankali ya tashi sai ya ce ai wasa yake yi, ko ya ce gaskiya ce ke da ɗaci. Akwai kuma waɗanda abin ya zame musu sana'a. Kamar yadda aka san sojojin baka a gidajen rediyon Kano, haka ake da matasan da 'yan siyasa ke saya wa data domin su kwana suna kare maigida, kuma jayayya da irin waɗannan ɓata lokaci ce, tunda ba ra'ayinsu suke faɗa ba balle a canza musu shi.

Duk da haka, mafi yawan rikicin da nake gani ba daga ƙwararrun 'yan tsokana yake fitowa ba, daga mutanen kirki ne da suka tarar da wuri ya riga ya gurɓace. A shekarar 2017 masu bincike daga jami'o'in Stanford da Cornell a Amurka sun gwada wannan da mutum 667. Sun ba wasu jarrabawa mai sauƙi, wasu mai wuya domin a ɓata musu rai, sannan suka nuna musu wani labari da za su faɗi ra'ayinsu a kai, wasu suka tarar da maganganu masu ladabi a gabansu, wasu suka tarar da na cin mutunci. Cikin waɗanda suka yi jarrabawa mai sauƙi kuma suka tarar da ladabi, kimanin kashi 35 cikin 100 ne suka yi mummunar magana. Cikin waɗanda ransu ya ɓaci kuma suka tarar da zagi, adadin ya kai kashi 68. Ma'anar wannan ita ce zagin farko da aka bari ba a tsawatar ba yana buɗe wa na biyu ƙofa. Su kansu kamfanonin kafafen sada zumunta ba su taimaka ba: takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 Facebook ya riƙa ba alamun nuna yanayi, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane, kafin daga baya ya rage.

Na ga yadda abin yake faruwa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, gab da zaɓen 2023. Akwai wani abokin karatunmu da ya saba, da an idar da sallar isha'i, sai ya jefo magana mai ƙaiƙayi a kan ɗan takarar da ya san wasu suna so. Wata rana wata 'yar ajinmu, ma'aikaciyar jinya ce kuma uwar 'ya'ya, ta gyara masa wani adadi da ya kawo, cikin ladabi, har da kiransa Malam. Amsarsa ita ce mace ba ta san siyasa ba, ta je ta tuƙa wa mijinta tuwo, ya bi da alamun dariya. Mutane da yawa sun karanta, amma babu wanda ya ce uffan, kuma saƙon da ya biyo baya sanarwar ɗaurin aure ce. Da safe sai ga ɗan rubutun nan da ke nuna ta fita daga zauren. Daga nan ne aka shiga kiranta a waya ɗaya bayan ɗaya ana ba ta haƙuri, ana cewa ai kin san halinsa. Ta gode wa kowa, amma ta ce maganarsa ba ta yi mata ciwo kamar yadda shirun waɗanda suka yi shekaru suna aji ɗaya da ita ya yi mata ba, kuma ba ta dawo ba. Wasu mata sun bi bayanta a hankali, shi kuwa yana nan.

Masu kare shiru sukan kawo aya ta 63 a Suratul Furƙan, wadda ta siffanta bayin Allah da cewa idan jahilai suka yi musu magana sai su ce salama, da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na alƙawarin gida a Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da yana da gaskiya. Waɗannan nassoshi ne masu girma, kuma suna magana ne da wanda aka tsokana. Mai kallo shi ma yana da nasa, wato hadisin Bukhari da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, aka kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin.

Hanin ba ya bukatar doguwar muhawara, hasali ma muhawarar ce abincinsa. Ya wadatar mutum biyu ko uku su rubuta gajeriyar magana cikin natsuwa cewa wannan bai dace ba, ba haka muke magana a nan ba, sannan su koma kan batun da ake yi. Bayan haka wanda yake jin nauyinsa ya kira shi a waya, domin mutum yakan karɓi gyara a keɓe wanda girman kai ba zai bar shi ya karɓa a gaban jama'a ba. Shugaban zaure kuma yana da kayan aiki: yana iya rufe hira na ɗan lokaci har zukata su huce, kuma tun 2022 WhatsApp ya ba shi damar goge saƙon kowa. Abin da ya fi wuya shi ne adalci. Dokar da aka rubuta tun kafin rigima ta fi wadda aka ƙirƙira a tsakiyarta, kuma idan aka cire talaka a kan zagi aka ƙyale Alhajin da ke ba da gudummawa mafi tsoka, to kowa ya gane cewa babu doka.

Akwai inda abin ke wuce tsokana. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, kuma binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, amma 'yan sanda sun ce yaɗa su ya taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya. Irin wannan, da barazanar kisa ko ta fitar da hotunan sirri na mace, ba a magance su da haƙuri ko nasiha. A adana hoton saƙon da lambar wanda ya aiko kafin ya goge, a kai ƙara. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ban goyi bayan a ruga wurin 'yan sanda a kan kowace baƙar magana ba, domin an sha amfani da sashe na 24 na dokar wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har kotun ECOWAS ta ce a gyara shi a 2020. An yi masa gyara a 2024, kuma barazana ga rai da lafiyar mutum tana nan cikin laifukan da dokar ta tanadar wa hukunci.